A shigar da 'ya'yanmu mata cikin binciken lafiyar mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni ungozoma ce da na shafe shekaru ina karɓar haihuwa a Wad Madani da ke Sudan, kafin yaƙi ya tashe mu a watan Disamba na 2023, yanzu kuma ina zaune a Gadarif cikin 'yan'uwanmu Hausawa. Na rubuto ne a kan maganar da ban cika jin ana yin ta da harshenmu ba, wato kuɗin da ake warewa domin binciken lafiyar mata, da guraben karatu da na aiki da ke tattare da shi.

Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan mace mai naƙuda ta san tashin hankalin da ake shiga idan jini ya ɓalle bayan haihuwa. Da ido muke kintata yawansa, muna duban zanen da ya jiƙe muna cewa da sauƙi, har sai idon mai jego ya fara juyawa. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Abin da aka gwada bai fi ƙarfin talaka ba: leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa domin a ga adadin jinin da ya zuba, sannan da zarar ya kai iyaka a haɗa tausar mahaifa da allurai da ƙarin ruwa a lokaci guda, maimakon a riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Wadda ta jagoranci aikin a Najeriya kuwa 'yar Kano ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, kuma ranar da na ji haka na daɗe ina tunanin 'yan matanmu na nan Sudan.

Dalilin tunanin nawa shi ne abin da na sha gani da idona. Masu tattara bayanai kan shigo unguwanninmu da takardun tambayoyi cikin Larabci, su zaunar da yarinya mai cikin fari su tambaye ta ko tana da matsala, ita kuma ta ja mayafi ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Su rubuta lafiya lau su tafi. Ba su san kunyar ɗan fari ba, ba su san wankan jego ba, balle kunun kanwa. Alhali tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka kuma alaƙanta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi a kwana arba'in. Wannan al'ada ta biyo kakanninmu har Mai Wurno da Gadarif da Kasala, kuma mai iya tambayar kaka yadda take dama kunun jikarta, ta samu amsa ta gaskiya, ita ce wadda ta tashi a cikin gidan. Masu ba da kuɗi kuwa alƙaluma suke bi, wadda ba a ƙidaya ta ba babu kasonta.

Kuɗin nan akwai shi, ko da yake bai kai girman matsalar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 ne suka rasu a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, mafi yawansu a Afirka. A watan Agusta na 2025 Gidauniyar Gates ta yi alkawarin dala biliyan 2.5 zuwa 2030 domin binciken lafiyar mata. Ƙungiyar OWSD, ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, mai mazauni a Italiya, ta sha ɗaukar nauyin karatun digiri na uku ga mata masu ilimin kimiyya daga ƙasashe irin su Sudan, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana ba da tallafin karatu. Matsalarmu ita ce labarin ba ya isowa gare mu sai an rufe karɓar takardu, idan ma ya iso da Ingilishi yake zuwa, ga shi yaƙi ya raba ɗalibai da yawa da takardun shaidarsu.

Ina so iyaye su fahimci cewa ba sai yarinya ta zama likita za ta ci abinci a wannan fage ba. Kowane bincike yana buƙatar ma'aikatan jinya da ungozomomi, da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, da masana ƙididdiga, da masu shigar da bayanai a kwamfuta, da masu tafinta. Yarinyar da ta haɗa Hausa da Larabci, ta kuma ƙara da Ingilishi, tana da jarin da ɗan birnin Khartum ba shi da shi. Ƙasar nan ma ba baƙuwar wannan hanya ba ce, domin tun 1921 aka buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman, a 1952 kuma Khalida Zahir, ɗaya daga cikin likitoci mata na farko a Sudan, ta kammala karatun likita. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke cire yarinya mai ƙwaƙwalwa daga makaranta, sannan idan matarmu ta kwanta asibiti mu dage sai mace ce za ta duba ta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku ware fili ko da sau ɗaya a wata, ku riƙa sanar da guraben tallafin nan da Hausa tun da sauran lokaci, tare da bayanin takardun da ake nema da yadda wadda ta rasa nata a gudun hijira za ta yi. Ku kuma gayyato irin su Farfesa Galadanci su faɗa wa 'yan matanmu da bakinsu ta inda suka fara. A gidan da nake zaune akwai ɗalibai mata biyu da yaƙi ya katse wa karatun jinya, kuma na yi musu alkawarin zan rubuto muku.

Wassalam.

Taku,
Wata ungozoma daga Gadarif, Sudan