Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Karatu

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

A babban taron bara kun amince mu ɗauki tambaya guda mu bi ta shekara cur, maimakon tsalle daga wannan littafi zuwa wancan. Tambayar ita ce: me ya sa a tsofaffin littattafan adabi ake tsallake mai kaifin basira a ba wani ragamar jagoranci? Zaman wata-wata ya gudana, in ban da lokutan da muka ɗage saboda ƙarancin mahalarta, kuma mun kammala littattafai huɗu.

Wanda ya fi cin lokacinmu shi ne Lord of the Flies na William Golding, wanda ya fito a 1954. Yara ne 'yan makaranta jirginsu ya faɗi a wani tsibiri, babu babba ko ɗaya. Piggy ne ya gane amfanin ƙaton kwanson katantanwar teku da suka tsinta, shi ya nuna wa Ralph yadda ake busa shi, domin ciwon asma ba zai bar shi ya busa da kansa ba. Yara suka taru, suka ga kwanso a hannun Ralph, ga shi dogo mai kyan gani, sai suka zaɓe shi. Babu wanda ya ko kawo sunan Piggy, mai ƙiba da tabarau. Hasali ma har littafin ya ƙare marubucin bai faɗi sunansa na gaskiya ba, sai laƙabin tsokana. Da tabaransa suke kunna wuta, amma da Jack, abokin hamayyar Ralph, ya ware da mabiyansa, tabaran suka zo suka sace, suka bar mai shi yana lalube. Ranar da muka karanta wurin da Roger, ɗaya daga cikin mabiyan Jack, ya mirgino wa Piggy dutse, kwanson ya farfashe tare da shi, ɗakin ya yi tsit.

Muhawarar da ta biyo baya ta yi zafi. Wasu suka ce Golding, wanda ya yi aikin koyarwa kuma ya yi sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, yana nuna cewa idan tsoro ya shiga jama'a, hujja ba ta da kasuwa. Wata malama daga cikinmu ta ce a daina wanke Piggy tas: kullum yana yi wa 'yan uwansa faɗa kamar babba, yana kafa hujja da abin da gwaggonsa ta ce, bai san yadda ake lallashin yaron da ya firgita ba. A ganina ta fi mu kusa da gaskiya, ko da yake a ranar ban goyi bayanta ba.

Animal Farm na George Orwell, na 1945, wanda wasunmu suka karanta a fassararsa ta Gandun Dabbobi, bai ja gardama ba. Aladu biyu ne ke takarar jagorancin dabbobi: Snowball yana ta zanen injin iska, Napoleon yana can yana renon karnuka tara a ɓoye. Ranar ƙuri'a karnuka suka yi magana. Bayan an kori Snowball, aka ce ai tun asali dabarar ta Napoleon ce.

A wasan Julius Caesar na Shakespeare mun ga wani salo. Cassius ne ya ƙulla makircin kashe Caesar, amma sai da ya nemo Brutus ya sa a gaba, saboda shi jama'a ke ganin mutuncinsa. Cassius ya yi gargaɗin kada a bar Antony ya yi jawabi a kan gawa, Brutus ya ƙi ji, jawabin kuwa shi ya juya musu gari.

Muka rufe da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Aku ya tsare Musa ɗan Sarki a gida da labarai har Sarki ya dawo daga yaƙi, ya wargaza shirin mugun Waziri, kuma ladansa waziranci. A nan ba a kashe mai hankali ba, ba a kore shi ba, an dai ajiye shi kusa da karaga. Wani memba ya ce wataƙila shi akun bai taɓa son fiye da haka ba, kuma ba mu tsayar da magana a kai ba.

Sai matsaloli. Da yawa kan zo zama ba su gama littafin ba, sai tattaunawa ta koma ba da labari. Zauren WhatsApp da muka buɗe don ci gaba da muhawara ya koma wurin tura gaisuwa. Akwai littattafan ƙungiya da har yau ba a dawo da su ba, kuma ma'aji yana roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata su biya kafin babban taro.

A taron ne za a zaɓi sababbin shugabanni, a kuma tsayar da maudu'in baɗi. Mai shawara ya miƙa wa sakatare a rubuce kafin ranar.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa