Yaranmu sun daina sanin sunan ƙwari

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da na san wasu za su ce ƙarami ne, amma ni dai ya tsaya min a rai tun ranar Lahadin da ta wuce.

Na ɗauki yarana uku zuwa wani filin shaƙatawa da ke kusa da unguwarmu a nan Kano, an yi ruwa da asuba ƙasa ta yi sanyi ciyawa ta yi shar, irin yanayin watan Agusta dai. Ba mu daɗe da zama ba ƙaramin ya ƙwalla ihu wai ga wani dodo a kan reshe, har ya cire takalmi zai ɗirka masa. Ina dubawa sai na ga ƙoƙi-ƙoƙi ce, ta ɗaga hannuwan nan nata biyu tana juya kai tana kallonmu. Na ce kai, Ƙoƙi ce fa, matar Gizo ta cikin tatsuniya. Wallahi su ukun babu wanda ya san sunan, komai a wurinsu ƙwaro ne kawai, kuma maganin ƙwaro takalmi.

Toh sai na ajiye hirar da nake yi a waya muka shiga zagaye. Farko na koya musu ƙirga ƙafa, mai ƙafa 6 shi ne ƙwaro na ainihi irin su fara da gyare da tururuwa da rina, mai ƙafa 8 kuma dangin gizo-gizo ne, ba shi da fiffike, su kunama da kaska duk gidansu ɗaya. Har wannan ɗan jan abin mai laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko, in ka ƙirga ƙafarsa 8 ce. Ƙadandoniya kam babbar ta ce ita ba za ta ƙirga ba, na ce kin huta.

A jikin katanga muka ga gidan zanzaro na laka, nan na fi daɗewa don abin na burge ni. Uwar ce ke ɗebo laka ɗan kaɗan kaɗan ta gina, sai ta je ta harbi gizo-gizo ko tsutsa, ba ta kashe shi ba sumar da shi take yi, ta kawo ta cusa a ɗakin ta yi ƙwai ta liƙe ƙofa, in ɗan ya ƙyanƙyashe ga abincinsa nan bai ruɓe ba. Na nuna musu ƙugunta siriri na ce daga nan aka samo zanzaro da malamai ke tilasta muku yi da rigar makaranta, suka yi ta dariya. Mun ga buzuzu yana tura kashin shanu da ƙafafun baya, ga malam-buɗe-littafi kala-kala, ga fukafukan shinge zube a gindin fitila tun na daren jiya.

Akwai kuma batun tautau da nake so iyaye su sani. Sau da yawa yaro zai tashi da safe da ƙuna a wuya ko fuska a ce fitsarin tautau ne, alhali yawanci wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin hasken lantarki da damina, ba ya cizo, sai ka murtsuke shi a jikinka ruwan cikinsa ya ƙona fata. Hure shi ake yi, in kuma an riga an murtsuke a wanke wurin da sabulu nan take.

Na gwada Google Lens a waya, manhajar nan da ke gane abu daga hoto, yana ƙoƙari gaskiya, amma sunan Turanci da na kimiyya yake kawowa, na Hausa sai da muka koma gida Hajiya kakarsu ta dinga kallon hotunan tana faɗa ɗaya bayan ɗaya, har da wani da ni kaina na manta, gizaka.

Roƙona ga masu kula da irin waɗannan filaye, ku bar ko kusurwa ɗaya ba yankan ciyawa ba feshi, don ranar da muka je ana cikin feshi a ɓangaren furanni, ga ƙudan zuma nan a ƙasa. Sannan a kafa ɗan allo mai hoto da sunan Hausa, ba wani kuɗi zai ci ba. Malaman firamare ma su riƙa fitowa da yara ko sau ɗaya a zango kafin ruwa ya ɗauke.

Na gode.

Wani uba,
daga Kano