Zuwa ga aminina, kan yadda ake tallar aikin CERN

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya fama da ɗalibai? Mu nan Geneva sai godiya, sanyi ne dai ya ƙi sassautawa.

Ka ce yaran ajinka sun dame ka da tambaya kan injin nan da aka ce zai haɗiye duniya, in rubuto maka yadda masu shi, wato CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke nan Geneva, ke yi wa jama'a bayani. Injin dai sunansa LHC, rami ne zagayayye mai tsawon kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Suwizalan da Faransa. A cikinsa ake koro furoton, ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, ta fuska biyu, da gudun da ya kusa na haske, a gwara su, sannan a duba abin da ya tarwatse. Kafin a kunna shi a Satumban 2008 jita-jita ta yi yawa cewa zai haifar da baƙin rami, irin na sararin samaniya mai zuƙe duk abin da ya matso kusa da shi, ya cinye mu, har wasu suka kai ƙara kotu a Amurka. Amsar da masanan suka bayar ta burge ni: ƙwayoyin da ke zubo mana daga sararin samaniya sun daɗe suna irin wannan karo da iskar sama, da ƙarfin da ya fi na injin, ga duniya nan ba ta je ko'ina ba. Wannan ita za ka ba yaran.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwayar Higgs, wadda masana ke dangantawa da yadda sauran ƙwayoyi ke samun nauyi. A 1993 ministan kimiyya na Birtaniya, William Waldegrave, ya sa gasa: wa zai bayyana masa ita a shafi ɗaya? Cikin waɗanda suka ci har da wani masanin kimiyya, David Miller, wanda ya ce a ɗauka ɗaki ne cike da 'yan jam'iyya, sai tsohuwar firaministar Birtaniya, Margaret Thatcher, ta shigo. Duk inda ta taka jama'a na yanyame ta, motsinta ya yi nauyi. Wanda ba a sani ba kuwa sai ya wuce sumul. Haka, in ji shi, ƙwayoyi ke samun nauyi. Har yau wannan misalin ake ta juyawa, kai ma kana iya sa sarki a madadin Thatcher.

Ni dai ina da ja a kansa. Mutum kan ji shi ya gyaɗa kai, ya tafi da tunanin duk nauyin jikinsa daga Higgs yake, alhali kasonta bai wuce kamar ɗaya cikin ɗari ba. Sauran daga ƙarfin da ya ɗaure cikin furoton da niyutoron yake fitowa. Kuma misalin ba ya nuna wahalar aikin. Ranar 4 ga Yulin 2012, da ATLAS da CMS, ƙungiyoyin masana biyu masu aiki da injin, suka sanar da gano ƙwayar Higgs, babu wanda ya gan ta da ido, domin kafin ƙiftawa ta rikiɗe zuwa wasu ƙwayoyin. Abin da aka haska a bango wani ɗan tudu ne a jikin zanen lissafi, bayan an tace karo bila adadin. Peter Higgs, wanda aka sa wa ƙwayar sunansa, na zaune a zauren yana share hawaye, shekara 48 bayan ya rubuta hasashen.

Shi ya sa abin da ya fi kwanta min a rai ba sabon ginin baje kolinsu ba ne, Science Gateway, da aka buɗe a 2023, duk da kyansa kuma shiga kyauta. Na fi son ranar da suke ware wa 'yan sakandare, a zaunar da su gaban kwamfuta a ba su hotunan karo na gaskiya. Yaro ya bi layukan da ƙwayoyi suka bari, ya ce wannan ilaktaron ce, waccan ba ita ba, a tara sakamakon ajin gaba ɗaya, sai ga irin tudun nan, na wata ƙwaya da ake kira Z, ya fito da kansa. Tun 2014 sun zuba irin waɗannan bayanai a intanet ga kowa. In kwamfutocin makarantarku na aiki kuma wuta ta yarda, gwada da 'yan aji shida, ka rubuto min yadda kuka kwashe.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka