Wasiƙa daga Tawa: Kar ka sayi babbar kar ɗin nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Faransa? Mutanen gida duk lafiya lau, Inna tana gaishe ka da iyali.

Na ga hotunan babbar kar ɗin nan, wato bas mai kujera 50, da kake son saya ka mayar gidan tafi-da-gidanka. Don Allah ka dakata. Ka ce burinka in kun zo hutu ku taso daga Yamai ta Doso da Ƙwanni, ku kwana nan, ku wuce Abalak har Agadas. To ka san hanyar nan. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, wurare da yawa kwalta ta mutu, sai ramu da rairayi. Motar mita 12, cikinta dab da ƙasa, in ta tsaya a bayan Abalak wa zai taɓa ta? Injinan Turai na yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu, ga shi ba sa jure gazuwal mai datti.

Ni Toyota Coaster nake so ka nema, mai injin 1HZ. Silinda shida ne, lita 4.2, irin wanda ke cikin Land Cruiser da ke shiga Tenere. Ba shi da gudu, amma duk garejin da ka shiga a ƙasar nan akwai wanda ya san shi ciki da bai, kayan gyaransa kuma in babu a Tawa ana kawowa daga Kano. Tsawonta kusan mita 7, mutum yana miƙewa tsaye a ciki. Gado, wurin girki da ɗan makewayi duk za su shiga. Hiace kam ta yi ƙanƙanta da iyalinka.

Kuma a nan gida, a Yamai, za a nema, ba can ba. Motocin Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasansu, fenti a sama, tsatsa a ciki. Ga wahalar shigo da ita: da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina.

Abin da ya fi damuna zafi ne. A watan Afrilu rana tana kai digiri 45, kar kuwa rabinta gilashi ne. Dole a toshe wasu tagogin, a yi wa rufin farin fenti, a sa abin tare zafi kafin a buga katako. Farantan sola a sama, tankin ruwa a ƙasa tsakanin tayoyi don kada nauyi ya rinjaye ta.

Ka duba lasisinka ma, na B iyakarsa tan 3.5, Coaster ta wuce haka.

Ka faɗa mini abin da ka tanada. In Allah ya yarda zan je Yamai da bakanikenmu, mu shiga ƙarƙashin kowace mota da fitila kafin a yi zancen kuɗi. Ka gaida Madam da yara.

Naka amini,
daga Tawa