Yaro Kurma Ba Taurin Kai Gare Shi Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Sanƙarau ya kurmantar da ɗan ƙanwata yana shekara 4. Tun daga nan sai jifa da kwano, sai cizo, 'yan gida na cewa iska ce. Alhali hanyar faɗin abin da ke cin ransa ya rasa.

Wata malamar kurame ta zaunar da shi da hotunan fuskoki: fushi, tsoro, murna. Ta koya masa nuna wanda yake ji da maganar hannu, ya ja numfashi, ya yi tunani kafin ya kai duka. Uwar ma ta koya. Yanzu cizon ya ragu ƙwarai.

Don Allah asibitocinmu, daga Marwa zuwa Ngaundare, su horar da masu irin wannan aiki.

Mai karatunku,
daga Garwa