Barkwancin 'yan wasan besbol ya cancanci gurbi a shafin wasanni

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu kula da shafin wasanni zuwa ga abin da ba a cika taɓawa ba, wato hikimar baki da barkwancin 'yan wasan besbol na Amurka da masu horar da su. Wasan, wanda a cikinsa ake jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, baƙo ne a wurinmu, amma maganganun mutanensa suna da abin koyi ga duk wanda yake shugabantar jama'a a lokacin da abubuwa suka ƙi tafiya daidai.

A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, kusan kullum tana fili, kuma ko wadda ta fi kowa ƙarfi takan sha kashi sau hamsin ko sittin kafin a rufe kaka. Mai bugun da ya yi nasara sau uku cikin goma gwani ne. Mutanen da faɗuwa ta zame musu abokiyar zama haka dole su nemi abin da zai sanyaya zuciya, kuma a ganina daga nan barkwancinsu ya samo tushe.

Casey Stengel ne ya fi nuna wannan a fili. Ya jagoranci New York Yankees daga 1949 zuwa 1960, ya ɗauki kofin World Series, wato jerin karawar ƙarshe da ke fitar da zakaran kaka, sau bakwai, biyar daga ciki a jere, amma da ƙungiyar ta sha kashi a hannun Pittsburgh a 1960 sai aka sallame shi bisa hujjar tsufa. Amsar da ya bayar ita ce ba zai sake yin kuskuren cika shekara saba'in ba. Da jimla ɗaya ya fito da rashin adalcin da aka yi masa, bai zagi kowa ba, bai kuma zubar da girmansa ba. A 1962 ya karɓi sabuwar ƙungiyar New York Mets, wadda aka doke sau 120 a kakarta ta farko, sai ya riƙa tara 'yan jarida yana ba su dariya, har aka ruwaito yana cewa yaransa sun nuna masa hanyoyin faɗuwa da bai taɓa sanin akwai su ba. Idanun manema labarai suka koma kansa, 'yan wasan suka samu sararin numfashi, magoya baya kuma suka ci gaba da zuwa kallo. Wannan aikin shugaba ne, ko da yake a rigar raha ya zo.

Yogi Berra, wanda ya ɗauki kofin sau goma yana ɗan wasan Yankees, ya shahara da maganganun da idan ka ji su sai ka yi dariya, idan ka sake juya su sai ka ga gaskiya. A 1973 yana horar da Mets, ƙungiyar tana can baya a rukuninta, ya ce wasa bai ƙare ba sai ya ƙare. Suka farfaɗo, suka ɗauki rukunin da nasara 82 kacal, suka kai World Series inda Oakland ta doke su a karawa ta bakwai.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Satchel Paige, gwanin jifan ƙwallo da wariyar launin fata ta tsare a gasar baƙaƙen fata har ƙuruciyarsa ta wuce. Sai a 1948, yana da shekara 42, ya shiga babbar gasa tare da Cleveland. Shawararsa ita ce kada mutum ya waiwaya, domin wataƙila wani abu yana gab da cim masa. Daga bakin wanda aka tauye wa shekaru masu yawa, wannan magana tana da nauyi ƙwarai. A 1965, yana da shekara 59, ya yi wa Kansas City jifa zagaye uku a karawa da Boston, ba a ci shi maki ko ɗaya ba.

Roƙona shi ne a ware ɗan gurbi a shafin wasanni, ko da sau ɗaya ne a mako, a riƙa kawo irin waɗannan maganganu tare da labarin halin da aka faɗe su a ciki. A kuma riƙa tantancewa kafin a buga, domin an jingina wa mutanen nan kalamai da yawa da ba nasu ba, har Berra da kansa ya taɓa cewa ba duk abin da aka ce ya faɗa ne ya faɗa ba.

Huta lafiya.

Naku,
Mai karatu daga Kano