Zuwa ga ɗana a filin bishara: kada ka ƙara ko mutum ɗaya

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Mu nan sai godiya. Ƙafar mamarka ta yi sauƙi, har ta koma zuwa sujada da kanta.

Saƙonka ya iso ni daren Talata, na karanta shi sau uku. Da gangan na ƙi kiranka, domin na san halinmu a waya: ka ce "ba komai, Baba", in ce "to madalla", mu rabu ba a taɓa maganar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka ce waɗanda ke tallafa maka sun aiko da takardar rahoton shekara, kuma a ciki akwai gurbin adadin waɗanda suka ba da gaskiya. Shekara biyu da rabi ke nan kana can, gurbin kuwa ba abin da za ka sa sai sifili. Sannan ka tambaya, wai da wasa, ko za ka lissafa mutum huɗun nan da ke zuwa hira gidanka. Ni na haife ka. Na san wasanka, na kuma san wanda ba wasa ba.

Kada ka ƙara ko mutum ɗaya. Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Kafin a haife ka, an taɓa tura ni da wasu matasa wa'azi na mako biyu, ni ne kuma mai rubuta rahoto. Mutum uku suka nuna sha'awa. Na rubuta goma sha biyu, ina ce wa kaina ai sauran ma sun saurara. Ikilisiya ta yi murna, aka yi waƙa, aka tara baiko. Da shekara ta zagayo sai wani dattijo ya ce zai bi ni ya gaishe da sababbin 'yan'uwan nan goma sha biyu. Tafiyar da muka yi muna dawowa, shi bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba, har yau ina jin nauyinta a ƙirjina. Ba kunyar kamun ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi zafi shi ne, shekara guda ana addu'a domin mutanen da babu su, ukun da ke akwai kuwa ba wanda ya san sunansu. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, na gani da idona.

Su kuma mutum huɗun nan, ka yi tunaninsu. Sun shigo gidanka a kan amana, sun ɗauke ka aboki. In da za su ji ka mai da su lamba a takarda, ko ka aika hotunansu da rubutun da bai dace da abin da ke zuciyarsu ba, kana ganin za su sake taka ƙofarka? A wasu wuraren ma irin wannan rubutu kan jawo wa mutum fitina a cikin danginsa, kai kana da fasfo da za ka fita, shi ba shi da inda za shi.

Yanzu batun sifilin da ke damunka. Da kana yaro kana son labarin manyan 'yan mishan, amma ina ganin ƙarshen labarin kawai ka riƙe, ka manta tsakiyarsa. William Carey ya sauka Indiya a 1793. Sai a ƙarshen 1800 aka yi wa mutum na farko baftisma, wani kafinta mai suna Krishna Pal. Ƙirga shekarun. Robert Morrison ya isa Sin a 1807, shi ma sai 1814. Adoniram Judson ya shiga ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a 1813, bai ga na farko ba sai 1819. Da an ba waɗannan mutane irin takardarka a shekararsu ta uku, me za su rubuta? Abin da kake jin kunyar rubutawa. Ba ina nufin lallai kai ma za ka ga abin da suka gani ba ne, wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannunka ba. Ina nufin jinkiri ba shaidar cewa Allah bai aike ka ba ne.

Ka kuma lura da abin da suka yi da shekarun shirun. Harshe suka koya. Judson ya shafe shekaru yana fama da harshen Bama kafin ya iya tsayawa wa'azi da shi, kuma da ya tashi farawa, rumfa ya gina a bakin hanya irin wadda mutanen ƙasar suka saba zama a ciki su huta su yi taɗi. Ya zauna a inda suke zama. Fassarar Littafi Mai Tsarki da ya yi sai a 1834 ta kammala, shekara ashirin da ɗaya bayan isarsa. Kai kuwa ka ce ka rage zuwa wurin malamin harshe saboda yawancin matasa suna jin Turanci. Wannan ban yarda da shi ba. Da harshen makaranta mutum kan yi ciniki da gardama, amma da harshen uwarsa yake kuka, da shi yake roƙo. In ba ka kai inda za ka yi wa mutum ta'aziyya da harshensa ba, har yanzu a zaure kake, ba ka shiga gida ba. Ka koma wurin malaminka. Su yi maka dariya in ka karya magana, ka taya su dariyar. Wanda ya yarda a gyara masa kalma ya fi saurin samun aboki a kan wanda ya zo da amsar kowace tambaya.

Hudson Taylor, da ya je Sin a 1854, ba da daɗewa ba ya ajiye tufafin Ingila ya sa na mutanen ƙasar, har da kitson da mazansu ke yi a lokacin. 'Yan'uwansa Turawa suka yi ta yi masa ba'a. Ban ce ka kwaikwayi komai ba tare da tunani ba, akwai abin da bangaskiyarka ba za ta ɗauka ba. Amma yawancin abin da baƙo ke ƙi a ƙasar wasu ba zunubi ba ne, rashin sabo ne kawai. Kafin ka ce "wannan ba daidai ba ne", ka tambayi kanka ko dai "ba haka muke yi ba" kake nufi. Kuma kada bakinka ya taɓa zagin addinin maƙwabcinka ko abin da yake girmamawa. Ka faɗi abin da ka gaskata a fili in an tambaye ka, ba ɓoye-ɓoye, ba kuma dabara. In ka taimaki mabukaci, kada ka rataya wa taimakon sharaɗi. Wanda yunwa ta sa ya ce ya bi, ranar da ya ƙoshi zai faɗa maka gaskiya.

Takardun zama kuwa, ka sabunta su kafin wa'adi, ka bi dokar ƙasar da ta karɓe ka, kada ka rubuta wa hukuma abin da ba shi ne kake yi ba. Ba sai na tsawaita ba.

Kuɗi ma na ji. Tallafi yana makara, canji yana cinye rabinsa kafin ya iso hannunka. Ba sabon abu ba ne. Manzo Bulus ya zauna Koranti shekara ɗaya da wata shida, yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa. Carey ya yi shekaru yana kula da masana'antar shuni don ya ciyar da iyalinsa. Idan izinin zamanka ya ba ka damar koyarwa ko yin sana'ar hannunka, ka yi, kada ka ɗauke shi faɗuwa. Zai ma amsa tambayar da maƙwabta ke yi a zuci: wannan mutum da me yake ci? Kuɗin aiki dabam, na gida dabam, kowane ka rubuta shi a littafi.

Saɓaninka da abokin aikinka bai ba ni mamaki ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum biyu a baƙuwar ƙasa, ba su da wanda za su huce a kansa sai juna. Bulus da Barnaba ma sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka raba hanya, amma a ƙarshen rayuwarsa Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus ɗin nan, domin yana da amfani a gare shi. Saboda haka ko za ku rabu, ku rabu ta yadda wata rana za ka iya aika a kira maka shi. Kada ka kai ƙararsa gida a cikin saƙon "a taya mu addu'a". Na san wannan salon gulma, a ikilisiya muka tsufa.

Yanzu ga maganar da mamarka ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta. A saƙonka mai tsawo, layi ɗaya ka ba matarka: "ita ma tana ƙoƙari". Ɗana, kai kana fita, kana da malami, kana da masu zuwa hira, kana da sunan aiki. Ita tana cikin ɗaki da yara biyu, kasuwa ba ta jin abin da ake faɗa, maƙwabciya ba ta iya zama da ita su yi taɗi, uwarta da 'yan'uwanta sai ta allon waya. Masu ba da labarin Carey sukan tsallake matarsa Dorothy. Ba da son ranta ta bi shi ba tun farko. Ɗansu Peter ya rasu yana da shekara biyar a 1794, daga nan hankalinta ya gushe, bai dawo ba har ta rasu a 1807. Ina girmama Carey ƙwarai, amma duk sa'ad da na tuna matar nan sai jikina ya yi sanyi. Ba na so a rubuta tarihinka da irin wannan shafi. Kuɗin da kake biya wa kanka na koyon harshe, ka biya mata daidai da shi, ka zauna da yaran sa'ad da take aji. Ka tambaye ta yadda take, sannan ka yi shiru ka ji amsar, ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba. Yaran kuma za su tashi tsakanin ƙasa biyu, nan a ce musu baƙi, can a ce musu baƙi. Ku riƙa yi musu harshenmu a gida, kada su zo gaishe ni sai da tafinta.

Jikinka ma amana ne. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake gwadawa, ciwo ya sake kora shi, sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi, a ƙasar Nufe. Su ba su da magungunan da kake da su. Kai da kake da su, in ka ƙi sha ko ka ƙi ganin likita, kada ka kira shi bangaskiya, ganganci ne. Ka ware rana ɗaya a mako ka huta, da gaske.

Ka ce wani lokaci kana durƙusawa addu'a ka ji kamar da bango kake magana, kuma ranar Lahadi ku huɗu ne a falo, waƙa ba ta tashi. Ban tsorata da jin haka ba, da ka ɓoye ne zan tsorata. Judson, bayan wata goma sha bakwai a kurkuku da rasuwar matarsa Ann a 1826, ya shiga baƙin ciki mai zurfi har ya keɓe kansa, ya haƙa kabari yana zama a bakinsa. Ya fito daga ciki, amma a hankali, kuma da taimakon mutanen da suka ƙi barinsa shi kaɗai. Ka tuna annabi Iliya a jeji, sa'ad da ya ce ya gaji a ɗauki ransa. Ba a fara da yi masa faɗa ba. An bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci, ya sake kwanciya, sannan aka yi magana. Ka karanta Littafi don kanka, ba don shirya abin da za ka koya wa wani ba. Ka nemi mutum ɗaya, wanda ya girme ka a aikin, da za ka riƙa faɗa wa gaskiyar halinka kowane wata. In nauyin ya wuce haka, ka nemi likita, ba abin kunya ba ne. In kuma wata rana kai da matarka kuka ga dawowa ce daidai, ƙofar gidan nan a buɗe take, ba kuwa wanda zai ji daga bakina cewa ɗana ya kāsa.

Rahoton dai ka cika shi haka: a gurbin adadi ka sa sifili. A ƙasa ka rubuta abin da ya faru da gaske, cewa yanzu kana iya hira ta rabin sa'a ba tafinta, cewa an gayyace ka jana'iza a unguwa kuma an ba ka wurin zama cikin maza, cewa matarka tana bukatar kuɗin makarantar harshe. Wataƙila wasu su janye hannunsu. Zan je da kaina in zauna da shugaban kwamitin in ba shi labarin goma sha biyuna, in ya ga dama ya yi dariya.

Mai gyaran keken nan da ka ce yana gyara maka magana yana kuma ƙin karɓar kuɗinka, ka gaishe mini da shi, ka ce mahaifinka ya gode da yadda ya riƙe masa ɗa. Mamarka tana gaishe ku, ta ce a sa yaran su kira ta ranar Asabar, kuma matarka ta kira ta ita kaɗai, ba kai a kusa.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ne,
Babanka